Sanyin Randa

Litinin, 1 ga Maris 1954, da hantsi

Azumi ba ta je makaranta ba yau. Ni na hana ta. Tana cikin sa riga ta yi atishawa, ta sake yi, sai na ce ta tuɓe. Ta tuɓe, ta ninke rigar ta ɗora a kan akwati, ta je bakin rijiya ta zauna ta ba ni baya. Shekararta takwas amma ta iya fushin manya.

Inna, mahaifiyar maigidana, ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Yau kuma mene ne?" Na ce mura ce. Ta ce, "Murar a hancinta take, ko a ƙirjinki, Tabawa?" Na koma wajen murhu.

Littafin nan na yaron ne, yayan Azumi. Ganye kaɗan ya cika da lissafi, sauran fari fat. Na juyo shi ta baya na fara. Aji uku na yi kafin aure, hannuna ya manta da yawa, amma ba mai dubawa balle ya ci gyarana.

Talata, da la'asar

Lafiyarta ƙalau. Ta wuni tana 'yar gala-gala ita kaɗai a tsakar gida, ta cinye ɗumamen tuwo har da ƙanzo. Kunya ta kama ni.

Laraba, da hantsi

Ta tafi. Raji, ɗan maƙwabciyarmu Mulikat, ya tsaya a soro yana ƙwala mata kira, ta fita da gudu ko waiwaye babu. Tare suke takawa daga nan Kwaciri har makarantarsu a Sabon Gari. Na share tsakar gida, na wanke kwanuka, na sake share tsakar gidan. Rana ta ƙi motsi.

Alhamis, 4 ga Maris, bayan la'asar

Mulikat ta shigo da ƙunshin yadinta a ka, daga Kantin Kwari take. Ta sauke, ta sha ruwa, ta ce, "Ƙawata, saƙo na kawo, kuma kada ki harare ni, ni 'yar aike ce." Malam Musiliu, malamin ajin su Azumi, shi ya tare ta a hanya. Ya ce tun da aka koma, ranakun da Azumi ta zauna a gida sun fi waɗanda ta zo. Ga yara suna zama a ƙasa don ba benci, ga wasu iyayensu kullum suna zarya a ɗauke su. In ta sake fashi ba da ciwo na gaske ba, zai ba wani wurinta.

Na ce ai jikinta ne ba ya so. Mulikat ta kwashe da dariya ta ce, "Jikin wa? Yarinyar da na gani jiya a kan katanga? Raji majina har haɓa nake kora shi, ga shi nan kamar ɗan maraƙi. Ke kin mai da taki ƙwai." Da ta ga fuskata sai ta bar dariyar. Ta kama hannuna ta ce, "Na sani. Wallahi na sani. Amma wannan da ranta, kada ki binne ta a ɗaki."

Alhamis, bayan magariba

Malam, maigidana, ya dawo daga shagon ɗinki, maganar ta riga ta kai masa. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ce, "Daga yau ni zan faɗi ranar da za ta zauna a gida." Na ce to. Ya ɗauki buta, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ba ke kaɗai aka yi wa rashin ba." Tun bara bai taɓa matsowa kusa da maganar haka ba.

Juma'a, da azahar

Zafi ya fara. Bara war haka ne.

Ban taɓa faɗin sunansa ba. Ɗan fari ne, haka aka tashe mu, ba na kiransa, ba na jan sa a jiki a gaban mutane. Tun yaye a ɗakin Inna yake kwana, tana ce masa angona, yana ce mata tsohuwa. Ranar da safe ina gaban murhu na ga idonsa bai yi mini ba. Inna na tsaye, ina ni ina taɓa shi. Abin da na iya cewa kawai, "Inna, ko za a duba yaron nan." Ta ɗora hannu a goshinsa ta ce, "Sanyi ƙalau. Tafi abinka, angona." Da azahar aka kawo shi a bayan keke, wuyansa ba ya lanƙwasuwa.

Sauran ba zan rubuta ba.

Ni da Inna muna gaisawa kullum da safe. Tukunya ɗaya muke ci.

Litinin, 8 ga Maris, da hantsi

Da tari ta tashi, busasshe. Na taɓa goshinta, sanyi. Malam ya taɓa, ya ce ta tafi. Ta tafi.

Talata, bayan magariba

Idonta ya yi ja yana ruwa, ta ce alli ne ya shiga. Da safe goshin nan kamar daga rijiya aka ɗebo shi. Da ta dawo ta kwanta a tabarma da rigar makaranta, ƙosai ma da take so ta ture. Na ji jikinta da ɗumi, ta ce zafin hanya ne. Na gaya wa Malam, ya ce a ga safiya.

Kowa ya ce ni ce. To, wataƙila ni ce.

Laraba, 10 ga Maris, da hantsi

Bari in bi a hankali.

Ina madafi ina dama koko, ta tsakanin zana na hango ta. Ta fito daga ɗakin Inna, inda take kwana tun bara, ta duba nan ta duba can, ta nufi babbar randar da ke ƙarƙashin rumfa. Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen yashin. Ta manna goshinta a jikin randar, ta daɗe. Ta juya wannan kuncin, ta juya wancan, ta miƙa wuya ta manna. Sannan ta goge da gefen zane, ta taho wurina tana murmushi ta ce, "Umma, taɓa ki ji."

Ban taɓa goshin ba. Na zura hannu cikin rigarta na ɗora a cikinta. Kamar na dafa murfin tukunya.

Malam ya fito, ya taɓa goshi yadda ya saba, ya ce, "Ai lafiya lau. Ɗauki jakarki." Raji yana ta kira. Ban san lokacin da na je na tare ƙofar soro ba. Na ce, "Malam, ba za ta je ba." Tunda nake da shi ban taɓa ce masa haka ba. Ya dube ni ya ce, "Me muka yi da ke ran Alhamis?" Na ce, "Dubi gwiwarta." Jiƙaƙƙen yashi ne a duka biyun. Na ce, "Sa hannunka a bayanta, ba a goshi ba."

Ya sa. Ya zare hannun ya ce, "Zazzaɓi ne, yara suna zuwa da wanda ya fi wannan. In aka ba wani wurin, ke za ki gaya mata." Na ce na ɗauka. Ya sa hula ya fita, kokon ma bai sha ba.

Azumi ta fashe da kuka. Ta ce, "Ke ba kya so in yi karatu. So kike in zauna in yi ta kallonki kina share tsakar gida." Na ce na ji, kwanta. Ta ce yanzu Sadiat za ta samu wata ƙawar ta manta da ita. Sadiat ce suke benci ɗaya, tare suke raba gyaɗa. Tana cikin kukan barci ya ɗauke ta.

In gobe ta tashi tana tsalle, ni na raba ta da makaranta.

Alhamis, da azahar

Ba ta yi tsalle ba. Allah ya gafarta mini, jiya tsoro nake kada ta warke in ji kunya. Yau da ma kunyar na ji.

Alhamis, da la'asar

Mulikat ta kawo Nneka, mai aikin jinya ce a wani ɗakin shan magani a Sabon Gari, wajen Mulikat take sayen yadi. Doguwa ce, da farin takalmi, Hausarta da ɗan karkata amma ba ta jin nauyin yin ta. Ta sa aka fito da yarinyar bakin ƙofa inda haske yake. Ta danne harshenta da ƙotar cokali, ta kira ni in gani. A cikin kumatu wasu 'yan fararen ɗigo, kamar an barbaɗa gishiri. Ta ce, "Ƙyanda ce. Gobe ko jibi za ta fito waje."

Inna ta ce, "A'uzubillahi, ba a kama sunanta. Baƙon dauro ake cewa." Nneka ta ce, "To Mama, tunda baƙo ya zo, sai mu yi ta ba shi ruwa." Ta ce ruwa, kunu, romo, ko tana turewa a yi ta ba ta kaɗan-kaɗan. A wanke ido da tafasasshen ruwan da ya huce. Kada yaran unguwa su shigo. Ta ga tandun kwalli a hannun Inna ta ce, "Wannan a ajiye sai ranar biki." In numfashi ya fara sauri a kai ta asibiti, kada a jira kowa ya dawo daga kasuwa.

Tana rataya jakarta ta tambaye ni, "Ta je makaranta da wannan tarin?" Na ce Litinin da Talata. Ta gyara jakar ta fita.

Juma'a, da asuba

Ta fito. Bayan kunne, sai fuska.

Juma'a, da magariba

Malam ya dawo da lemo a aljihu. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ɓare, ya miƙa mata, ta kau da kai. Bai dube ni ba. Ya ce, "Sannu, Tabawa."

Asabar, da azahar

Duk jiki. Na dawo da ita ɗakina. Inna ta rataya baƙin zane a ƙofa saboda idon ba ya son haske. Azumi ta kira ni da sunan Mulikat, ta ce in rufe taga alli yana shigowa.

Na lura da wani abu. Inna tana dama kunu ta kawo, tana addu'a ta tofa daga tsaye, amma ba ta taɓa yarinyar. Na yi ta tunani, ban tuna ranar da na ga hannunta a jikin Azumi ba.

Lahadi, 14 ga Maris, da la'asar

Ta farka ta gane ni. Na ba ta ruwa a ludayi, ta sha ta riƙe mini ɗan yatsa. Muryarta ta dushe, sai da na sunkuya.

Ta ce, "Umma, ki yi haƙuri da maganar randa."

Na ce ya wuce.

Ta ce, "Yaya ne ya koya mini. Ya ce in goshi ya yi sanyi tsohuwa ba ta ganewa. Ranar ma ya yi, ranar da aka kawo shi a keke. Ni na tsaya masa gadi. Ya ce ranar za a faɗi wanda ya zo na ɗaya, ba zai zauna ba. Ya ce kada in gaya wa kowa."

Na ce to. Na gyara mata zane. Na ce ba laifinki ba ne, ke yarinya ce, shi ma yaro ne. Ta koma barci.

Na fita bayan ɗaki na toshe bakina da gyale.

Litinin, da hantsi

Ban gaya wa kowa ba. Duk sanda na ɗebi ruwa sai bayan hannuna ya gogi randar.

Talata, 16 ga Maris, da hantsi

Na sami Inna a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Na durƙusa na gaishe ta, ban tashi ba. Ta ce, "Jikin ne?" Na ce da sauƙi. Na ce, "Inna, hannunki bai yi ƙarya ba ranar." Mazarin ya tsaya. Na gaya mata duk yadda Azumi ta gaya mini, ban ƙara ba ban rage ba.

Ta buɗe tafin hannunta na dama tana kallo kamar na wani. Ta ce, "Tun bara ban yarda da shi ba. Da shi na tura shi." Na ce sanyin gaskiya ta ji, ko ni ce abin da zan ji ke nan. Ta ce, "Kin riƙe ni a rai, na sani." Na ce, "Na riƙe, Inna. Ki yafe mini." Ta ce, "Ja'iri. Ja'irin angona, ni zai yi wa wayo." Ta fara dariya, dariyar ta juye.

Can ta tashi, ta dafa bango har gindin randar. Na zaci fasa ta za ta yi. Ta durƙusa da ƙyar, da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta manna goshinta a daidai wurin. Ta daɗe a haka. Na koma ɗaki na bar ta.

Laraba, da la'asar

Raji ma ya kwanta. Mulikat ta yi mini magana ta kan katanga, ta ce, "Ƙawata, ɗan maraƙin ya faɗi." Ta so ta yi dariya ba ta fito ba. Na miƙa mata ragowar lemon. Na ce ta riƙa taɓa ciki, kada ta tsaya a goshi.

Juma'a, da hantsi

Azumi ta yi gumi har zane ya jiƙe. Ta ce ƙosai take so. Malam da kansa ya fita da kwano, babu hula.

Litinin, 22 ga Maris, bayan la'asar

Malam Musiliu ya zo da kansa. A soro suka zauna da Malam, ni ina bayan bango ina ji. Ya ce an sallami ajin nasu sai an ga hali, yaran da suka kwanta sun fi waɗanda ke tsaye. Ya ce a gaya wa uwar yarinya ta yi daidai, da sauran iyaye sun yi haka da abin bai kai nan ba. Malam ya tambaye shi maganar wurin. Ya ce, "Wurinta yana nan, Malam." Sannan ya ce, "Wuri ya yi yawa yanzu."

Na ji ya ambaci sunaye. Na ji Sadiat.

Litinin da Talata. Tun ɗazu kwanakin nan biyu suke yi mini yawo a ka.

Alhamis, da azahar

Fatar Azumi tana saɓulewa kamar dusa. Ta rame, wuyan ya yi tsawo, amma tana cin tuwo tana neman ƙari. Nneka ta biyo bayan ta duba Raji. Na tambaye ta maganar kwana biyun nan. Ta ce, "Rabin ajin tari suke yi kafin taki ta fara. Wa ya ba wa, Allah ne ya sani. Kada ki ɗauki wannan kuma, kayanki sun isa."

Na ce yaushe za ta koma. Ta lissafa mini: zazzaɓi ya tafi bai dawo ba, tana ci da kanta, ido yana iya kallon rana, tari ya lafa, ta iya wasa ba ta nemi tabarma ba. Ta ce, "In kin ga waɗannan, ki buɗe mata ƙofa."

Lahadi, bayan magariba

An aiko gobe za a koma. Na kai wa Malam abinci na tsaya ina jiran abin da zai ce. Ya wanke hannu ya ce, "Ke za ki faɗi ranar." Na ce ai shi ya ce shi zai riƙa faɗa. Ya ce, "Na janye. Hannunki ya fi nawa."

Da ma bai janye ba.

Litinin, 29 ga Maris, da hantsi

Na ce a bari tarin ya ƙarasa tafiya. Tun Juma'a ban ji ta yi tari ba.

Laraba, da la'asar

Ta ishe ni da Sadiat. Ta ƙulle mata gyaɗa a tsumma tun shekaranjiya. Na ga in ban faɗa ba a bakin yara za ta ji, a tsakiyar aji. Na zaunar da ita a cinyata, ta yi mini girma amma ba nauyi. Na gaya mata.

Ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta ce, "Inda Yaya yake?" Na ce eh. Ta ce, "Ita ma ta je gun randa?" Na ce ban sani ba. Ta kwance tsumman ta zuba gyaɗar a hannuna, sannan ta sa fuska a wuyana.

Da ta yi shiru ta ce, "Umma, in na koma ni kaɗai zan zauna a bencin?" Na ce ko ta fasa zuwa ne. Ta ɗago ta dube ni da jajayen idon nan ta ce, "Zan je."

Asabar, da azahar

Tana kan katanga tana yi wa Raji tsiya, wai ya zama kamar tsinken tsire. Shi ma ya tashi. Duk abin da Nneka ta lissafa na gani, har da ƙari. Na nemi wani dalilin ban samu ba.

Na wanke rigar makaranta na shanya.

Litinin, 5 ga Afrilu, da hantsi

Rigar ta yi mata yawa, Malam ya kama ta da allura a tsaye. Ta sha koko ta suɗe kofin. Ta zo gabana, ta kama hannuna da kanta ta zura cikin rigar ta ɗora a cikinta. Ta ce, "Ban je gun randa ba. Tambayi tsohuwa, tun asuba take gadinta." Na duba, ga Inna kuwa a kan kujera 'yar tsugune a gindin randar, da carbi.

Ɗumin mutum mai lafiya na ji. Na bar hannun ya daɗe, ko zai canza. Bai canza ba.

Inna ta ce, "Zo nan, mai wayon banza." Ta goge tafinta a zane, ta ɗora a goshin Azumi, ta sauko wuya, ta zura a baya. Ta dube ni, ni take jira.

Na ce, "Ɗauki jakarki."

Raji ya yi kira. A ƙofar soro ta waiwayo ta ce, "Umma, kada ki share tsakar gida sau biyu." Ta fita.

Litinin, kafin azahar

Sau ɗaya na share. Na zauna da littafin nan don hannuna ya sami abin yi. Na juya shi ta gaba, wajen lissafinsa. Ya rubuta sunansa a saman kowane ganye, babban baƙin farko kullum ya fi sauran kyau.

Ɗayyabu.

Ɗayyabu, ɗana. Na faɗa da baki ma, a hankali, ba wanda ya ji sai Inna, ita kuwa ta yi kamar ba ta ji ba.

Litinin, da azahar

Ta dawo da ƙafarta. Tun daga soro take cewa yunwa take ji.